Gwarzon Ɗan Ƙwallon Afirka: Tarihin Masu Zaɓe da Ma'aunansu, 1970 zuwa 2025

Gabatarwa

Duk ƙarshen shekara, da zarar an sanar da gwarzon ɗan ƙwallon ƙafa na Afirka, musu kan kaure a majalisu da gidajen kallo, tun daga Fagge ta Kano har unguwar Kilomita Biyar a nan Bangui. Wasu su ce an yi adalci, wasu su ce an yi son kai. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: su wane ne suka jefa ƙuri'ar, kuma wane wasa suka kalla kafin su jefa ta? Wannan nazari zai bi tarihin kambun tun daga 1970, domin nuna cewa duk lokacin da aka sauya masu zaɓe, ko aka sauya abin da idonsu ke iya kaiwa gare shi, sai irin gwarzon da ake samu shi ma ya sauya. Za a kuma kwatanta tsarin da na kyautar Heisman ta jami'o'in Amurka, wadda ta girme shi da shekara 35.

Zamanin 'Yan Jarida, 1970 zuwa 1994

Kambun ya samo asali ne daga birnin Paris. Mujallar France Football, wadda tun 1956 take ba da Ƙwallon Zinare ga gwarzon Turai, ita ce ta ƙirƙiro makamancinsa domin 'yan Afirka a 1970. 'Yan jarida masu rubutu kan wasanni ne suke zaɓen, mujallar kuma ta tattara maki ta fitar da sakamako. Wanda ya fara lashewa shi ne Salif Keita na Mali, wanda a lokacin yake ƙungiyar Saint-Étienne, zakarar Faransa a 1968 da 1969 da 1970.

Abin lura shi ne, bayan Keita, shekara 11 a jere 'yan wasan da ke taka leda a gida ne suka yi ta lashewa. Ibrahim Sunday na Asante Kotoko ta Kumasi ya karɓa a 1971. Chérif Souleymane ya biyo baya a 1972, shekarar da Hafia ta Konakiri ta ci kofin zakarun ƙungiyoyin Afirka. A 1973 aka ba Tshimen Bwanga, ɗan bayan TP Mazembe, daidai lokacin da Zayar ta samu gurbin gasar cin kofin duniya ta 1974. Paul Moukila ya samu a 1974 tare da nasarar CARA ta Barazabil. Haka aka ci gaba da Ahmed Faras na Maroko, da Roger Milla na Kamaru, da Tarak Dhiab na Tunisiya, da Karim Abdul Razak na Gana, da mai tsaron raga Thomas N'Kono, da Jean Manga-Onguéné, har zuwa Lakhdar Belloumi na Aljeriya a 1981.

Dalilin haka a fili yake. Galibin manyan 'yan wasan nahiyar suna gida a lokacin. Tun 1965 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, wato CAF, ta taƙaita adadin masu wasa a ƙetare da ƙasa za ta iya sakawa a gasar cin kofin Afirka zuwa mutum biyu, kuma ba a janye wannan doka ba sai a 1982. Ɗan jaridar Akra ko Yawunde yana zuwa fili ya ga wasa da idonsa, alhali wasan Turai sai dai ya karanta labarinsa ko ya ji a rediyo. Gani kuwa ya kori ji.

Daga tsakiyar shekarun 1980 al'amarin ya juya. Mohamed Timoumi na ƙungiyar sojojin Maroko da ke Rabat ya lashe a 1985. Bayansa sai Badou Zaki a Mallorca, da Rabah Madjer a Porto, da Kalusha Bwalya a Beljiyam, da George Weah a Monaco. Roger Milla ne kaɗai ya karya wannan jeri a 1990, shi ma saboda ƙwallaye huɗun da ya zura a gasar cin kofin duniya ta Italiya yana da shekara 38, gasar da duk duniya ta kalla a talabijin.

Akwai kuma batun harshe. A cikin kambu 25 da mujallar ta bayar, Kamaru ta kwashi shida, Nijeriya kuwa ko ɗaya ba ta samu ba. A 1980 Nijeriya ta ci kofin Afirka a Legas, Segun Odegbami ya zura biyu daga cikin ƙwallaye ukun da aka ci Aljeriya a wasan ƙarshe, amma na biyu ya zo a bayan Manga-Onguéné, wanda Canon ta Yawunde ta ci kofin zakarun ƙungiyoyi da shi a wannan shekarar. Kambu takwas ne suka tafi ƙasashen Gana da Zambiya da Laberiya masu amfani da Ingilishi, kuma biyar daga ciki na Abedi Pele ne da George Weah, waɗanda dukansu a Faransa suke wasa lokacin da aka zaɓe su. Wannan bai isa hujjar zargin wani da maguɗi ba. Abin da yake nunawa shi ne, labarin ɗan wasan da ake bugawa da Faransanci ya fi saurin isa ga yawancin masu zaɓen.

Shekara Biyu, Gwaraza Huɗu

A 1992 CAF ta fara ba da nata kambun, France Football kuma ba ta daina nata ba. Saboda haka aka yi shekara uku ana zaɓe biyu a kan tambaya ɗaya, kuma wannan ne gwaji mafi kyau da tarihi ya bar wa mai nazari. A 1992 ɓangarorin biyu sun haɗu a kan Abedi Pele. A 1993 suka raba gari: 'yan jaridar France Football suka sake zaɓen Abedi Pele, wanda ya ci kofin zakarun Turai da Marseille a watan Mayu, kuma daga bugun kusurwarsa ne Basile Boli ya ci AC Milan ƙwallo ɗayan da ta raba gardama. CAF kuwa ta ba Rashidi Yekini, wanda ƙwallayensa suka taimaka wa Nijeriya ta samu gurbin gasar cin kofin duniya karo na farko. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya riƙe kambun.

A 1994 aka sake rabuwa. Mujallar ta zaɓi George Weah na Paris Saint-Germain, zakarar Faransa a wannan kakar. CAF ta zaɓi Emmanuel Amunike, wanda ya ci ƙwallaye biyun da Nijeriya ta doke Zambiya da su a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Tunis, sannan ya ci Bulgeriya da Italiya a gasar duniya ta Amurka. 'Yan wasan nahiyar ba su sauya ba, wasannin da aka buga a shekarar ma guda ne. Sai dai rukuni ɗaya ya fifita abin da aka yi wa ƙungiya a Turai, ɗayan kuma ya fifita abin da aka yi wa ƙasa.

A 1995 France Football ta buɗe babban Ƙwallon Zinare ga duk wanda ke wasa a ƙungiyar Turai, ko daga wace nahiya ya fito, ta kuma rufe na Afirka. Weah ya lashe shi a shekarar, kuma har yau shi kaɗai ne ɗan wasan wata ƙasar Afirka da ya taɓa yin haka. Daga nan kambun CAF ya zama shi ne abin dogaro. Tsakanin 1993 da 1999 'yan Nijeriya sun ɗauke shi sau biyar: Yekini, da Amunike, da Nwankwo Kanu a 1996 bayan zinaren Olamfik na Atlanta, da Victor Ikpeba a 1997, da Kanu kuma a 1999.

Ƙuri'ar Masu Horarwa

CAF ta sha sauya tsarin zaɓenta. Akwai lokacin da kwamitocinta na fasaha da na yaɗa labarai suke da babbar murya. Zuwa tsakiyar shekarun 2000 aka ɗora nauyin a kan masu horar da ƙungiyoyin ƙasashe. A 'yan shekarun nan kuma an faɗaɗa rukunin ya haɗa da masu horarwa, da kyaftin-kyaftin na ƙasashe, da kwamitin fasaha, da zaɓaɓɓun 'yan jarida. Mai zaɓe yakan jera sunaye bisa fifiko, a ba kowane matsayi makinsa, sannan a haɗa jimla.

Wannan tsari na maki yana da nasa tasirin. Ɗan wasan da kusan kowa ya sa a na biyu zai iya kayar da wanda wasu suka sa a na ɗaya, wasu kuma suka manta da shi. Shi ya sa tazarar kan yi ƙanƙanta. A 1998 Mustapha Hadji na Maroko ya kayar da Jay-Jay Okocha da maki biyu kacal. A 2005 Samuel Eto'o ya samu 108, Didier Drogba ya samu 106. A zaɓen 2015, wanda aka sanar a Abuja cikin Janairun 2016, Pierre-Emerick Aubameyang ya samu 143, Yaya Touré ya samu 136. Touré, wanda ya riga ya lashe sau huɗu a jere, kuma ya ɗaga kofin Afirka na 2015 a matsayin kyaftin ɗin Kwaddibuwa, ya fito fili ya soki sakamakon, yana mai cewa Afirka ba ta daraja abin da aka ci a cikinta. Sai dai shekara biyu kafin nan, da irin wannan ma'aunin shi kansa ya sha gaban John Mikel Obi, wanda ya ci kofin Afirka na 2013 da Nijeriya.

Kambun 2007 ma ya bar baya da ƙura. An shirya bikin a Lome cikin Fabrairun 2008, ana tsakiyar gasar cin kofin Afirka a Gana, saura kwana biyu Kwaddibuwa ta buga wasan kusa da na kusa da na ƙarshe. Drogba bai je ba, daga baya kuma ya ce an shaida masa cewa in bai halarta ba za a ba wani. Frédéric Kanouté na Mali ne ya karɓa, kuma yana da hujjarsa, domin ya ci kofuna da Sevilla a shekarar. Shi ne haifaffen Turai na farko da ya riƙe kambun. Amma wannan taƙaddama ta nuna illar ɓoye ƙuri'u: in jama'a ba su ga yadda kowa ya zaɓa ba, ko sakamako na gaskiya ne sai an yi masa zato.

Muryar Masu Sauraro

Akwai rukuni na uku na masu zaɓe, wato jama'ar gari. A baya gidan rediyon BBC ya yi shekaru yana ba da nasa kambun bisa ƙuri'ar masu sauraro, kuma sakamakonsa ya sha bambanta da na CAF. Okocha, wanda bai taɓa samun na CAF ba, ya lashe na BBC a 2003 da 2004. A 2008 Mohamed Aboutrika ya ci ƙwallon da ta ba Masar kofin Afirka a Akra, ya kuma ci kofin zakarun nahiyar da Al Ahly. Masu horarwa suka zaɓi Emmanuel Adebayor na Togo, wanda ya zura ƙwallo 24 a gasar Firimiya ta Ingila, masu sauraron BBC kuwa suka zaɓi Aboutrika. A 2012 suka zaɓi Christopher Katongo, kyaftin ɗin Zambiya da ta ci kofin Afirka, a 2015 kuma Yaya Touré.

Ƙuri'ar jama'a ita ma tana da nata rauni, domin ƙasa mai yawan mutane da wayoyin hannu ta fi ƙarama ƙarfin murya. Duk da haka ta nuna cewa akwai masu kallo da yawa da suke ɗaukar kofin Afirka da muhimmancin da ya wuce wanda masu zaɓen CAF suka ba shi a waɗannan shekaru. Ita kanta CAF ta ga giɓin, har ta ware wata kyauta ta daban domin masu wasa a cikin nahiyar, wadda Aboutrika ya lashe fiye da sau ɗaya. Ware kyautar kuwa tamkar amincewa ce da cewa babban kambun ya yi ƙaura.

Abubuwan da Idon Mai Zaɓe ke Bi

Daga wannan jeri ana iya fitar da ma'aunai uku. Na farko shi ne ƙwallo a raga. Mai tsaron raga bai sake lashewa ba tun Badou Zaki a 1986, kuma kafin shi N'Kono ne kaɗai, a 1979 da 1982. Vincent Enyeama ya kai cikin ukun ƙarshe a 2014, amma bai wuce nan ba. Ɗan baya kuwa, daga Bwanga a 1973 sai Achraf Hakimi a 2025, tazarar shekara 52, shi ma bayan ya ci kofin zakarun Turai da Paris Saint-Germain har ya zura ƙwallo a wasan ƙarshe. Aikin ɗan baya shi ne hana abu faruwa, abin da bai faru ba kuwa ba ya shiga taƙaitaccen rahoton wasa. Haka abin yake a babban Ƙwallon Zinare, inda Lev Yashin na Tarayyar Sobiyet, a 1963, shi ne mai tsaron raga ɗaya tilo da ya taɓa lashewa.

Na biyu shi ne babban dare guda da ya zauna a zukata. Ƙwallaye biyun Kanu a ragar Brazil a 1996, da ukun da Ademola Lookman ya ci Bayer Leverkusen a wasan ƙarshe na kofin Europa a Dublin cikin Mayun 2024, sun fi wasanni talatin na natsuwa tasiri a wajen mai zaɓe. Victor Osimhen ma a 2023 ya zo da labari mai sauƙin riƙewa: ƙwallo 26 a gasar Italiya, da kofin da Napoli ta yi shekara 33 tana nema.

Na uku shi ne wurin da ake wasan. Tun da tauraron ɗan'adam ya shigo da gasannin Turai gidajen kallo a shekarun 1990, mai horarwa a Bamako ko Lusaka ya fi ganin wasan Ingila a kan na maƙwabciyar ƙasarsa. Tun 1992 babu wanda aka ba kambun CAF yana wasa a ƙungiyar Afirka a lokacin da aka zaɓe shi.

Misali daga Amurka

Waɗannan matsaloli ba a Afirka suka fara ba. A Amurka akwai kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'o'i a ƙwallonsu mai kama da zari-ruga. Wata ƙungiyar wasanni ta birnin New York ce ta kafa ta a 1935, Jay Berwanger na Jami'ar Chicago ya fara lashewa, a 1936 kuma aka sa mata sunan John Heisman bayan rasuwarsa. Masu zaɓen 'yan jarida ne 870, an raba su shiyya shida, kowace shiyya mutum 145. Ana ƙara ƙuri'un waɗanda suka taɓa lashe kyautar, da ƙuri'a guda da ke wakiltar jama'a tun 1999. Kowa yana rubuta suna uku: na farko maki uku, na biyu maki biyu, na uku maki ɗaya.

An daidaita shiyyoyin ne domin kada wani yanki ya rinjayi saura, amma hakan bai magance sauran karkatar ba. Kyautar ta fi zuwa ga mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari, ko mai rugawa da ita, galibi daga manyan jami'o'in da ake yawan nunawa a talabijin. Charles Woodson na Jami'ar Michigan, wanda ya lashe a 1997, ya yi fice ne saboda kasancewarsa ɗan wasan da babban aikinsa tsaro ne. Masu zaɓen kuma ba sa son maimaita suna, domin Archie Griffin ne kaɗai ya samu sau biyu, a 1974 da 1975. A nan an bambanta da Afirka, inda Eto'o da Yaya Touré kowannensu ya riƙe kambun sau huɗu. Darasin dai shi ne, raba ƙuri'a daidai tsakanin yankuna yana gyara tambayar wa zai zaɓa, amma ba ya gyara tambayar me ya gani.

Matsayin Bangui

Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya tana cikin mambobin CAF 54, kuma a tsarin da ake ba masu horarwa ƙuri'a, tata daidai take da ta Nijeriya ko Masar. A wajen zaɓe ke nan akwai daidaito. A wajen a gan ka ne babu shi. Ƙasar ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba, ko da yake ta yi abin a zo a gani. A Yunin 2012 ta je Iskandariya ta ci Masar 3 da 2, Hilaire Momi ya zura biyu, aka yi kunnen doki 1 da 1 a Bangui, ta fitar da ƙasar da ta fi kowa yawan kofunan Afirka. Ranar 7 ga Oktoban 2021 ta ci Nijeriya 1 da 0 a Legas da ƙwallon Karl Namnganda a ƙarshen wasa. Amma wasan ramuwa, wanda ya kamata ya zama na gida, a Duwala ta Kamaru aka buga shi, domin filin Bangui bai samu amincewar hukuma ba. Ɗan wasan da ko mutanen garinsu ba sa ganinsa a fili, da wuya mai zaɓe a Dakar ya san sunansa.

Ƙanƙantar ƙasa ita kaɗai ba ta hana samun kambu, domin Weah ɗan Laberiya ne, Adebayor ɗan Togo, Aubameyang kuma ɗan Gabon. Sai dai duka ukun ta ƙofar manyan ƙungiyoyin Turai suka shiga. Saƙon da matashin Kilomita Biyar ko na Sabon Garin Kano yake karantawa a cikin wannan jeri shi ne cewa daraja tana ƙetaren teku. Wannan saƙo yana da farashi, domin shi ne yake ba dillalan bogi kasuwa, yake kuma kwashe ƙwararru daga gasannin gida tun ba su nuna ba. Ahmed Musa ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Nijeriya da Kano Pillars a 2010, kuma a shekarar ya tafi Holan.

Kammalawa

Tarihin shekara 55 ya nuna cewa kambun gwarzon Afirka hoto ne na masu zaɓensa gwargwadon yadda yake hoton 'yan wasa. Da 'yan jarida suke kallon filayen Kumasi da Konakiri, gwarazan gida aka samu. Da talabijin ya karkata idanu zuwa Turai, kambun ya bi shi. Shekarun 1993 da 1994 sun tabbatar da cewa rukuni biyu na masana za su iya duba shekara guda su fito da amsa biyu, ba tare da ɗayansu ya yi ƙarya ba. Gyaran da ya fi kusa da hannu abu biyu ne: a riƙa bayyana ƙuri'ar kowane mai zaɓe da sunansa, sannan a fayyace nauyin da gasannin nahiyar suke da shi a ma'auni. Na uku ya fi wuya, shi ne a gyara filaye, a kuma nuna gasannin gida yadda za a gan su a ko'ina. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, sai dai ƙimar abin da aka ajiye a gabansa kaɗai yake iya sani.